Kujerar Mai Zaman Banza

Mijin yayata dillalin motoci ne. Shekara ashirin da biyu na yi ina zama a gefensa cikin motar tsere ina karanta masa hanya, kuma a duk tsawon shekarun nan rana ɗaya tak ya saurare ni. Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya. Ban taɓa son gudu ba. Lokacin da nake hawa keke, in na zo gangara sauka nake yi in tura. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni yadda aka yi na ƙare a wannan kujera, sai in ce masa ya je ya tambayi yayata.

Ba-Birki ake ce masa, har jikokinsa in sun ga ba ya kusa haka suke kiransa. Ni dai Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, da wata irin murya da ke nuna bai ɗauki malantar a bakin komai ba. Mahaifinsa mai gyaran keke ne a bakin tashar mota, a nan ya tashi cikin hayaƙi da ƙarar inji. Bai yi nisa a makaranta ba. Da wankin mota ya fara, kuma a wurin wankin ya samo sunan. Yana da shekara goma sha tara wani direba ya ba shi makulli ya ce ya ɗan matsar masa da mota gaba, ya manta bai gaya masa birkinta ya tsinke ba. Motar ta fice ta ƙofar tasha, ta gangara titi, ta zagaya shataletale sau biyu, kafin ya gano yadda zai rage mata gudu da giya har ta tsaya a gaban wani shagon aski. Mutane suka taru suna yi masa jaje. Shi kuwa ya fito baki har kunne. Na ji labarin nan daga bakinsa ya fi sau ɗari, kuma kullum yakan rufe da cewa ranar ce ya san abin da ya zo yi duniya.

Daga wanki ya koma dillanci, yana haɗa mai sayarwa da mai saye, har ya samu filinsa na kansa a hanyar fita gari. Fili ne da aka zagaye da waya, yana ɗaukar mota kamar ashirin, duk na hannu. Ofishinsa kwantena ce mai fanka ɗaya, da tebur, da wani allo mai ƙusoshi inda ake rataye makullai. Ba zan tauye masa haƙƙinsa ba: ya san mota. Zai ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya kara marikin a kunnensa, ya rufe ido, ya gaya maka abin da zai lalace nan da wata shida. Kuma ba ya ɓoye aibi. In mota ta taɓa yin hatsari zai kai ka ya nuna maka wurin da aka yi ciko kafin ka tambaya.

Matsalarsa ɗaya ce, gwaji. Duk wanda ya nuna yana son mota, sai ya ce, "Shigo in nuna maka abin da take iyawa." Akwai wata ungozoma da ta ajiye aiki, ta zo neman 'yar ƙaramar mota ta zuwa kasuwa da gidan 'ya'yanta. Ya ɗauke ta gwaji. Bayan minti ashirin ya dawo shi kaɗai. Aka tambaye shi ina baiwar Allah, ya ce ta sauka a gada, wai ta fi son ta taka da ƙafa. In kuma mai sayen ne ya karɓi sitiyari, to nan ma wata rigimar ce. Na taɓa ganin ya karɓe makulli daga hannun wani babban ma'aikaci don ya ji yadda ya sa giya ta biyu.

"Ranka ya daɗe, ba zan ba ka ita ba," ya ce masa. "Shekara takwas mai ita yana lallaɓa ta. Kai a wata uku za ka kashe ta."

Mutumin ya tsallaka titi ya sayi mota a filin da ke kallon na mijin yayata.

Yayata tela ce, a gida take ɗinkinta, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Takan ce ta san abin da ta aura, ba wanda ya ruɗe ta. Amma tun ranar haihuwar 'yarsu ta fari ba ta sake shiga motar da yake tuƙawa ba. Naƙuda ta kama ta da hantsi, ya ɗauke ta zuwa asibiti. Da muka iso, ni da mahaifiyarmu, muka tarar da shi a baranda yana kai da kawowa. Mahaifiyarmu ta ce, "Me aka samu?" Ya ce, "Minti goma sha ɗaya, Inna. Daga ƙofar gida zuwa nan, kuma da cunkoso." Sai da ta sake tambaya sannan ya ce mace ce.

A garinmu akwai ƙungiyar masu tseren mota. Ba ƙwararru ba ne, mutane ne masu sana'o'insu, bakanikai da 'yan kasuwa da wani likitan haƙori, waɗanda suka rasa abin da za su yi da ranakun hutunsu. Sau uku a shekara suke haɗuwa a wani tsohon wurin fasa dutse, inda hanyoyin burji suka ratsa tsakanin duwatsu da gonaki. Ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, ana duba agogo, wanda ya cinye hanyar cikin mafi ƙarancin lokaci shi ya ci. Kowace mota da mutum biyu: direba, da wanda ke zaune a gefensa riƙe da littafi yana karanta masa abin da ke gaba, kwana ce ko rami ko kwalbati. Mijin yayata ya canza masu karanta masa hanya har huɗu a shekara biyu. Na ƙarshen, wani mai sayar da magani, ko sallama bai yi masa ba, hular kwanon kawai ya aiko da ita.

Wata Asabar na je gaida yayata, na tarar tana kan keken ɗinki. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, kai ka iya taswira."

Na ce na ɗan taɓa.

"To ka bi shi. Kai kana da natsuwa, in ya gan ka a gefensa wataƙila ya tuna yana da iyali. Sau ɗaya kawai."

Ita ta goya ni, ita ta ɗinka mini kayan makarantata na farko. Ban san yadda ake ce mata a'a ba, har yau ma ban koya ba.

Motar tserensa koriya ce, Kwaɗo yake kiranta saboda yadda take tsalle in ta hau tudu. Ya cire kujerun baya, ya cire rediyo, ya cire duk abin da ke sa mota ta zama wurin zaman ɗan adam, ya sa an yi waldar bututun ƙarfe a ciki ta ko'ina. Warin fetur kuwa sai ka ji shi a harshenka. Ni na ɗauki aikin da gaske. Mako uku ina zuwa wurin a kan kekena, ina auna kowace kwana, ina rubutawa da rula da biro kala uku: ja wurin haɗari, shuɗi wurin da za a iya gudu, baƙi sauran bayani. Na nuna masa littafin, ya jujjuya shi, ya ce rubutuna yana da kyau.

Ranar tseren aka ɗaure ni da bel, aka kifa mini hular kwano mai warin zufar mai maganin nan. Mai tuta ya sauke hannu. Abin da na fara ji shi ne kamar an bar hanjina a baya. Na yi ta maza na buɗe littafi.

"Kwana hagu, mai tsanani, rage gudu."

"Na gani."

"Yaya, rage gudu na ce."

"Na san hanyar nan, Malam."

"Bayan kwalbati a yi hagu."

Ya yi dama.

"Hagu na ce."

"Nan ya fi kusa."

Bai fi kusa da komai ba sai gonar kabeji ta wani dattijo. Kwaɗo ta yi tsallen da ta saba, ta sauka a tsakiyar kunya, ta nutse har gindin ƙofa. Na fito na durƙusa a gefen taya na mayar da duk abin da na karya da shi. Mai gonar ya zo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya ya daɗe yana kallonmu. Sauran yinin a gonar muka yi shi, ni da mijin yayata, da hulunan kwano a ajiye a gefe, muna gyara masa kunya. Muna cikin aikin ya dubo ni ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma ka riƙa ɗaga murya, ba na jin ka sosai."

Na ce na bari. Bayan kowane tsere sai na ce na bari. Sai lokaci ya matso, ina tsaye gaban allo ina zana wa ɗalibai kogi, in waiga in gan shi a taga, ya ɗora hular kwanona a kan dakalin tagar, yana jira in gama. Ba ya roƙo. Tsayuwa kawai yake yi yana murmushi, har ajin ya rikice da dariya in rasa yadda zan yi. In na kai ƙara wurin yayata, sai ta ce, "To ai tun da ka fara bin sa bai karya ko yatsa ba." Wannan gaskiya ne. Ni ne na karya, ƙashin wuyan hannu, a shekara ta shida, ina ƙoƙarin riƙe littafi.

Abin da ya fi ci mini rai cikin shekarun nan shi ne maganar shugaban makarantarmu. Ni na kai shi filin da kaina, na yaba masa mijin yayata, ya zaɓi wata farar mota, aka gama ciniki ranar Alhamis a kan zai zo ya ɗauka Litinin. Ranar Asabar akwai tsere. Da safe na lura tayoyin Kwaɗo sun yi kyau fiye da yadda na san su, amma ban kawo komai a raina ba. Litinin bayan an tashi daga makaranta na raka shugaban, ya sa sababbin kaya, ya zo har da matarsa. Muka tarar da farar motar a kan bulo huɗu, ba taya ko ɗaya. Tayoyin suna jingine da kwantena, jajir da ƙasa, ɗaya ta yage.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya fito da fara'arsa ya miƙa hannu.

"Ranka ya daɗe, ina taya ka murna. Tayoyinka sun zo na bakwai cikin mota goma sha tara."

Ya riga ya aika a kawo sababbi fil, kafin awa ɗaya aka ɗaura su, ya kuma cika masa tanki. A ganinsa mutumin riba ma ya ci. Sai dai zangon karatun da ya biyo baya duk darussan bayan azahar ni shugaban ya jibga wa, har da kula da masu share fili.

Filin motocin da tuni ya rufe ba don babbar 'yarsa ba. A cikin motocin nan ta tashi, ta je ta yi karatun kasuwanci ta dawo, ta ce ita za ta zauna a kwantena. Dokarta ta farko: Baba ba ya fita gwaji da kowa. Ta cire allon makullai daga bango ta mayar da su cikin durowa mai kwaɗo, makullin durowar a jakarta. Mai saye in ya zo ita take zama a gefensa, ta bar shi ya tuƙa yadda ya ga dama, ko giyar tana kuka ba ta cewa komai. Uban yakan tsaya a bakin waya yana jin kukan giyar daga nesa yana runtse ido kamar ana cire masa haƙori.

"Malam, dubi yadda take sayar da mota," ya ce mini wata rana. "Kamar mai sayar da firji."

Ta ji shi daga ciki ta ce, "Baba, firjin dai ana saye. Kawu, don Allah ka ja shi ku je ku sha shayi, akwai masu zuwa ƙarfe huɗu."

Haka aka raba aiki. Ita ke sayarwa, shi ke zaɓen motocin da za a sayo, kuma ta yarda ba ta taɓa ganin ya zaɓi ruɓaɓɓiya ba.

Ranar da ya saurare ni ta zo ne a shekara ta goma sha bakwai. A lokacin ya fara sa tabarau, in babu shi ba ya gane fuskar mutum daga tsallaken titi. Muna kan layi, saura mota ɗaya a sake mu, ya fita ya ƙara duba taya, ya ajiye tabarau a kan kujera don kada ya faɗi. Ya dawo ya zauna. Dukanmu muka ji ƙarar.

Ya zaro shi daga ƙarƙashinsa. Gilashi ɗaya ya ruguje, ɗayan ya fita, ƙarfen ya lanƙwashe.

Na ce, "Shi ke nan, mu janye." Har na fara kwance bel, kuma ba zan ɓoye ba, raina fari tas.

Ya kalli gaba. Sannan ya ce, "Ina ganin hanya, abin da ke cikinta ne ba na gani. Ka karanta, zan bi."

"Yaya, shekara goma sha bakwai ina karantawa."

"To yau ka karanta da kyau."

Mai tuta ya sauke hannu. Na ce hagu, ya yi hagu. Sai da na dube shi don in tabbatar shi ne. Na ce rage, ya rage. Na ce akwai rami a dama, ka bi gefen hagu, ya bi. Na ce miƙaƙƙiya ce har itacen can, taka, ya taka. Ban taɓa sanin Kwaɗo tana iya tafiya haka ba, sumul, ba tsalle, ba sulɓewa, kamar ruwa a cikin kwata. A karon farko na ga amfanin jan biro da shuɗi. Muka wuce likitan haƙori ya faɗa rami. Muka wuce gonar kabeji, tana nan lafiya a hannun damanmu. Muryata ta dushe, amma na kai shafin ƙarshe na littafin, abin da ban taɓa yi ba. Da aka haɗa lokaci, mu ne na uku.

Aka ba mu wani ɗan kofi na ƙarfe. 'Yan ƙungiya suka yi ta dukan kafaɗarsa. Ni kam har ƙwalla na yi. A hanyar komawa gida, 'yarsa ce ke tuƙa mu, ya zauna a baya da kofin a cinya. Na ce masa, "Yaya, ka ga abin da nake gaya maka."

"Wannan ba tuƙi ba ne," ya ce. "Shifta ce. Ka faɗa, in rubuta."

Washegari ya je ya yanko tabarau har uku, ya ɗaura wa kowanne igiya. Tsere na gaba na ce hagu, ya ce ya gani, muka ƙare a cikin wani fako mai ƙaya. Kofin kuma yana gidansu, yayata tana zuba maɓallai a ciki.

Shekara biyar bayan haka ƙungiyar ta kawo doka cewa kowane direba sai likita ya duba shi. Aka auna jininsa, aka saurari zuciyarsa, likitan ya ce tuƙin yau da kullum babu laifi, amma tsere ya ƙare. Ya je wurin likita na biyu, ya faɗi abu ɗaya. Ya je wurin na uku da kayan motsa jiki a jikinsa don ya burge shi, wannan ma har magani ya ƙara masa. Yayata ta yi hamdala a fili. Ni ma na yi tawa a ɓoye, na tattara littattafaina goma sha ɗaya na sa a akwati.

Bayan mako biyu ya zo gidana da takardar dokokin ƙungiya, ya ja layi a ƙarƙashin wani sashe. Dokar direba ta ambata. Ba ta ce komai a kan mai karanta hanya ba.

"Sai mu yi musaya," ya ce. "Kai ka tuƙa."

Na ce masa ni ban taɓa wuce sittin a maleji ba, kuma ba ranar da zan fara. Wannan karon har yayata tana bayana, ta ce kada in kuskura. Bai yi gardama ba. Ya zauna a falona ya sha shayi. Washegari ya dawo ya zauna a kujerar nan, ya sha shayi, bai ta da maganar ba. Rana ta uku na lura bai ko juya cokali ba, ya bar shayin ya huce, yana kallon hannuwansa a kan gwiwa. Mutumin da ban taɓa gani zaune wuri ɗaya na minti biyar ba. Matata ta kira ni kicin ta ce, "Ko dai ka kai shi, ko ka saya masa tasa kujerar, don na ga alamar ya tare."

Haka na tsinci kaina a bayan sitiyarin Kwaɗo ina da shekara hamsin da biyar. Kulocinta tauri kamar dutse. Sau biyu ta mutu mini a kan layi, mai tuta har ya gaji ya sauke hannu ya dafa ƙugu. Da muka tashi, na miƙa masa hankalina ina jiran ya karanta. Littafin yana cinyarsa a rufe.

"Taka."

"Me ke gaba?"

"Hanya ce a gaba. Taka mana."

"Shafi na biyu, Yaya. Karanta mini."

"Wannan jan rubutun duk mene ne? Sa giya ta uku, kana kashe ta."

Ƙafarsa ta dama tana ta danna ƙasan motar, inda babu komai sai ƙarfe. Ni kuwa na riƙe arba'in ɗina, in na ga kwana in koma ashirin. Ai na san hanyar da ka, ni na auna ta. Motocin da aka saki bayanmu suka yi ta wuce mu suna hon, har da wani da ya ɗago mana hannu kamar mai ba da haƙuri. Ya yi faɗa, ya yi magiya, ya kira ni da sunayen da ban san ya tanada ba. Can wajen rabin hanya sai na ji shiru. Na tuna maganar likita, na juya da sauri. Lafiyarsa lau. Ya kafa ido ta taga yana kallon ƙasan tudu.

"Malam, dama akwai tafki a nan?"

Tafki ne babba, da fararen tsuntsaye a bakinsa, da wani mutum a cikin kwalekwale. Yana shafi na tara, na rubuta shi da baƙin biro tun shekarar farko.

"Sau sittin da wani abu ka wuce ta nan," na ce.

"Ikon Allah." Ya bi shi da kallo har muka sha kwana. Sannan ya gyara zama ya ce, "To ai ka gani, na gani. Taka."

Da muka iso, an riga an raba kofuna, ana kwance rumfa. Mai agogo ya tafi, sai da aka kira shi a waya ya ce a rubuta mana duk abin da muka ga dama. Wannan ne tserenmu na ƙarshe. Kwaɗo tana can ƙuryar filin a lulluɓe da tampol, an sha zuwa tayawa, ya hana.

Yanzu shekararsa saba'in. Makon jiya aka yi masa aiki a gwiwa, ta dama, likitan ya ce ta cinye kamar ta mai shekara casa'in. Ni ke zuwa da hantsi in zauna da shi kafin yayata ta karɓe ni da dare. Shekaranjiya ma'aikaciyar jinya ta kawo keken marasa lafiya ta ce in ɗan zagaya da shi baranda ya sha iska. Baranda ce doguwa, mai santsi, da kwana ɗaya a ƙarshe wajen ɗakin magani. Muna tafiya a hankali ya ce in matsa jikin bango. Na tambaye shi dalili.

"Ka buɗe sosai kafin kwana, sannan ka yanke ta ciki. Ƙara sauri kaɗan."

"Yaya, asibiti ne nan."

"Na sani. Ba kowa a gaba, na duba."

Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ɗan ƙara. Muna shan kwanar muka yi karo da teburin da ake tura kwanukan abinci. Murafai suka watse a ƙasa, ƙarar ta cika ɓangaren gaba ɗaya. Ma'aikaciyar ta fito, ta dube shi, dattijo da bandeji, ya langaɓar da kai kamar bai san komai ba. Ta dube ni. Ni ta wanke tas, a gaban masu jinya, wai da furfurata ina wasa da mara lafiya. Da ta juya ya ce mini a hankali laifina ne, na yi jinkirin yankewa.

Ta ƙwace keken. A madadinsa ta kawo masa ƙarfen dogarawa, irin mai ƙafa huɗu, biyun gaba da 'yan tayoyi. Ya jawo shi bakin gado, ya kifa shi, ya juya tayoyin da yatsa yana saurare.

"Ta hagun tana cijewa," ya ce. "Gobe ka zo mini da sufana lamba goma, da ɗan man shafawa."

Na ce ba zan kawo ba, kayan asibiti ne, kuma ni an gama ci mini mutunci a wurin nan. Da yamma na biya gidansu in ɗauki abincinsa, na gaya wa yayata duk abin da ya faru, ina jiran ta taya ni faɗa. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da sufanar, ta naɗe ta a ƙyalle ta cusa a gefen kwandon abincin.

"Kai masa, Auta," ta ce. "In ba haka ba da cokali zai kwance ta."